Darussan da na koya a gaɓar tsibirin Crash

Yawancinmu da muka taso muna leƙa gidan gem a Bauchi, ƙwallo ce ta kai mu, sai Mortal Kombat ga masu son dambe. Crash Bandicoot a wurinmu wasan yara ne, wanda mai shago kan kunna wa ƙannen da aka maƙala mana daga gida don su ƙyale manya su sakata su wala. Shi ya sa abin ya ɗaure mini kai da mutumin da na yi IT, wato zaman koyon aiki na ɗalibai, a ƙarƙashinsa, a wata 'yar cibiyar koyar da kwamfuta ta wajen Yelwa, ya ce aikina na farko shi ne in zauna in buga matakin farko na wannan wasa, biro da littafi a gefena. Cibiyar tana shirya darasin hutu ne ga 'yan sakandare, za a koya musu haɗa ƙaramin wasan tsalle-tsalle, ni kuma zan taimaka. Sharaɗi ɗaya Malam ya gindaya mini: "Ba ci nake so ka yi ba. Duk abin da ka gani a hanya, ka tambayi kanka wa ya ajiye shi a nan, kuma me yake nema da kai."

Kamfanin Naughty Dog na Amurka ne ya fitar da wasan a 1996, a kan PlayStation ta farko. Sunan matakin N. Sanity Beach, yana kan ɗaya daga cikin tsibirai uku da labarin wasan ya ajiye kusa da Ostareliya. Crash yana farkawa a kan yashi, ruwa ya turo shi gaɓa bayan ya kuɓuce wa Dakta Neo Cortex, mugun da ke cikin labarin. Teku a bayansa, kurmi a gabansa. Abin da na fara rubutawa ke nan: babu wanda ya ce maka ga hanya, amma hanyar ɗaya ce, kuma idonka ya riga ya faɗa kanta.

A filin yashin nan babu abin da zai taɓa ka. Nan ɗan koyo yake daddanna madannai har ya gano wanne ne tsalle, wanne ne ke sa Crash juyi kamar katantanwa. Ga akwatunan katako a gabansa, dole ya gwada juyin a kansu, su fashe, 'ya'yan itacen Wumpa su zubo. Ƙaguwar farko tafiyarta a karkace take, ta je ta dawo a hankali, a wurin da ake hango ta tun daga nesa. Ramukan farko ƙanana ne, ko ka makara wajen tsalle kana iya tsallakewa. Sai ka ɗan yi nisa sannan a fara haɗa maka su, ga rami ga kunkuru a kusa da shi. Kafin abin ya yi tsanani an riga an ba ka akwatin Aku Aku, fuskar katakon nan da ke shanye maka duka ɗaya, an kuma ajiye akwati mai harafin C wanda daga wurinsa za ka tashi in ka mutu. Wumpa ɗari rai ɗaya ne, amma babban aikinsu hannunka mai sanda: duk inda aka jera su, ana ce maka bi nan. Tsarin ba sabo ba ne. Matakin farko na Super Mario Bros., wanda Nintendo ta fitar a 1985, haka yake koyarwa ba tare da rubutu ba. Sai dai ban taɓa lura da hakan ba sai da aka hana ni gaggawa.

Na kai wa Malam shafukan da na cika ina jin na gama. Ya karanta, ya ce da kyau, sannan ya miƙo mini hannun gem ɗin. "To yanzu shiga kurmin. Bar hanya, ka bi ta cikin itatuwa."

Ba ya shiguwa. Duk ganyayen nan da ke sa ka ji kana tsakiyar ƙungurmin daji, bango ne aka yi wa ado. Tsibirin da nake gani da faɗi ashe lungu ne siriri mai lanƙwasa, kuma a nan gizo ke saƙar. Ƙwaƙwalwar aiki ta PlayStation ta farko megabait 2 ce kacal, hoto ɗaya na wayar zamani yana iya fin haka. Duk abin da ake gani a wasa irin wannan, daga itace har hancin Crash, da ƙananan alwatika ake gina shi, kuma na'urar tana da iyakar adadin da za ta iya zanawa a kowane hoto. Andy Gavin da Jason Rubin, waɗanda suka kafa kamfanin, da abokan aikinsu, sai suka ɗaure kyamara a kan layi ɗaya a bayan Crash. Tunda sun san inda kyamarar za ta kasance a kowane taku, tun a ofis suka sa manyan kwamfutoci suka lissafa waɗanne alwatika ne ido zai gani daga kowane wuri, na'urar gida ba ta wahalar da kanta da sauran. Kwanar da hanya ke yi da itacen da ya tare maka gaba suna ɓoye abin da ba a riga an ɗauko ba, yayin da wasan ke jawo shi kaɗan-kaɗan daga faifan CD kana cikin tafiya. Hatta akwatunan da suka zama tambarin wasan, dalilin ke nan: an ga hanyoyin sun yi fayau, ana neman abin da zai cika su ba tare da cin ƙarfin na'ura ba. Akwati fuska shida gare shi, kuma ba ka taɓa ganin fiye da uku a lokaci guda.

Wannan ne darasin da ya fi zauna mini, domin ya taɓa wani ƙorafi da muka saba yi a makaranta. Kullum maganarmu ita ce kwamfutocinmu tsofaffi ne, data ta yi tsada, wuta ba ta tsayawa, don haka aikin kirki sai a Turai. Duk gaskiya ne, ban kuma ce a daina faɗa ba. Amma tsohuwar laftof ɗin da muke rainawa a cibiyar, mai gigabait 4, ta ninka ƙwaƙwalwar PlayStation ɗin nan sau dubu biyu. Waɗancan mutane ba su jira na'ura mai ƙarfi ba. Sun auna iyakar wadda ke hannunsu, suka yanka wasan daidai da ita, har iyakar ta zama kamannin wasan.

Da muka zo namu aikin, manhajar haɗa wasanni ta Godot muka ɗauka, saboda kyauta ce, ba ta da nauyin saukewa, kuma tana tashi a kan tsofaffin na'urori. Wasan gefe muka yi, mai tafiya daga hagu zuwa dama, ba mai zurfi irin na Crash ba, amma shi ma a tsibiri. Wani yaro ya tambaya me ya sa sai tsibiri, alhali babu teku ko kusa da jiharmu. Tambaya ce mai kyau. Matakin Green Hill na wasan Sonic a 1991 a tsibiri yake, Donkey Kong Country na 1994 haka, Super Mario Sunshine na 2002 ma gaba ɗayansa a tsibirin Delfino aka yi shi. A nawa ganin dalilai biyu ne. Na farko launi: sama shuɗiya, yashi ruwan ƙasa mai haske, ganye kore, duk abin da ka ɗora a kai ya fito sarai, ɗan wasa ya bambance abin takawa da abin ado cikin ƙiftawar ido. Na biyu, teku iyaka ce da ba ta buƙatar bayani. In ka tare mutum da bangon da ba ya gani zai ji haushi, in ka tare shi da teku ba zai ce komai ba.

An ce yaran su zana itatuwan kwakwa. Kusan dukkansu giginya suka zana, doguwa mai kumburi a tsakiya da ganye kamar mafici, wasu kuma dabino. Na so a gyara, Malam ya ce a bar su, kuma da aka ɗora a allo sai na ga gaskiyarsa. Gangar giginya miƙaƙƙiya ce, ba ta rikita ido da dandamalin da ake takawa, ganyenta kuma yana can sama, ba ya rufe hanya. Ko banza tsibirin ya zama namu.

Sashen da ya fi kowanne wuya shi ne gwaji. Dokar Malam ita ce ka nemo wanda bai taɓa ganin wasan ba, ka ba shi, ka koma bayansa ka kama bakinka. Na zo da ƙanwata, autar gidanmu, wadda ba ta wuce wasannin waya ba. Tana zama ta waiwayo. "Yaya, ina zan bi?" Na buɗe baki ke nan Malam ya ɗaga mini yatsa. Ta juya ta kalli allon, ta ga mangwaron da muka jera a madadin Wumpa, ta bi su. Wannan ya yi. Da ta iso bakin ruwa kuwa, ko tsayawa ba ta yi ba, ta faɗa ciki da gangan, ta mutu, ta dawo ta sake faɗawa. Daga baya na tambaye ta dalili. Ta ce ai ruwan ya yi kama da na maɓuɓɓugar Wikki da ke Yankari. Ruwan da yaron Bauchi ya sani mai irin wannan launi shi ne na Yankari, garau, mai ɗumi, wanda ake zuwa musamman don a yi wanka a ciki. Mu mun zana shuɗi mai haske muna nufin haɗari, ita kuma ta karanta gayyata. Sauran yaran da aka gwada da su, da yawansu haka suka yi. Sai muka raba ruwan biyu: na baki-baki mai haske, ana iya takawa sai dai yana rage gudu, na ciki kuma mai duhu da igiyar ruwa, muka sa wani akwati yana nutsewa a cikinsa tun kafin ɗan wasa ya iso. Babu harafi ko ɗaya da muka ƙara, kuma faɗawar ta ragu sosai.

A wani rami kuma ta yi ta faɗuwa tana cewa, "Wallahi Yaya na danna!" Na duba, ta danna ɗin, sai dai bayan ƙafar ɗan wasan ta bar bakin dandamali da ɗan abin da bai kai ƙiftawa ba. A lissafin kwamfuta ta makara, a idonta kuwa daidai ta yi. Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin matsalar, maganinta kuma shi ne a yi wa ɗan wasa rangwame a ɓoye: ko ya bar ƙasa, a bar masa damar tsalle na ɗan lokaci. Wasanmu yana zana hoto 60 a daƙiƙa, muka ba da rangwamen hoto 6, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Layuka kaɗan ne a manhaja. Wasan Celeste, da ya fito a 2018 kuma ya shahara da wuya, cike yake da irin wannan sassauci, masu shi da kansu suka bayyana. A ɗaya ɓangaren kuma, da aka sabunta wasannin Crash uku na farko a 2017, tsofaffin 'yan wasa sun yi ta kukan cewa tsalle ya canza, Crash yana saurin saukowa kuma yana zamewa daga bakin dandamali. Bambancin ƙanƙani ne, amma hannu ya gane shi. Tun daga nan, in mai amfani da manhaja ya ce mini ya danna abu bai yi ba, nakan fara da yarda da shi sannan in bincika.

Ba komai na tsibirin Crash na yaba ba. A wasan 1996, in kana son lu'ulu'un da ake bayarwa a ƙarshen mataki, sai ka fasa kowane akwati ba tare da ka mutu an mayar da kai wurin akwatin C ba. In ka isa lafiya amma ka bar wasu, sai a jero su suna faɗo wa Crash a ka ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɓangaren yana ba ni dariya, kuma dabara ce mai kyau, domin tana gaya maka akwai abin da ba ka gani ba, ka koma ka duba, musamman wajen da hanya ta rabu biyu kusa da ƙarshe. Amma sharaɗin rashin mutuwa zalunci ne, haka ma yadda ba a barin ka ajiye inda ka kai sai ka ci zagayen garaɓasa ko ka sami lu'ulu'u. Su kansu masu wasan sun sassauta duka biyun a kashi na biyu da ya fito a 1997.

A kan wannan muka yi saɓani da Malam. Shi yana ganin yaran yanzu an cika lallaɓa su, wasan da ba ya hukunta ka ba ya koya maka natsuwa, kuma yana so wanda ya ƙarar da rayukansa ya koma farkon tsibiri. Na ce, "Malam, a yi mini afuwa, amma a garin nan ba wasa kaɗai ke kashe mutum ba, NEPA ma tana yi." Kwamfutocin ɗakin darasin na tebur ne, ba su da batir, in wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareta komai ya tafi. Yaron da ya yi rabin awa yana fama sannan ya rasa komai saboda abin da ba laifinsa ba, ba natsuwa zai koya ba, tashi zai yi. Malam ya yi dariya ya ce na kawo hujjar da babu ita a littattafan Turawa. Muka tsaya a kan cewa wasan zai riƙa ajiye inda aka kai a kowace tuta da aka kafa a hanya, shi kuma ya samu nasa: wanda ya tsallake tsibirin gaba ɗaya bai mutu ba, za a buɗe masa wata hanya ta cikin kogo wadda ba ta da tuta ko ɗaya. Yaran suka raɗa mata suna hanyar Malam, kuma har hutun ya ƙare shi da kansa bai kai ƙarshenta ba.