Kafin ka miƙa wa bot kuɗinka, ka fara sanin yarensa

Yanzu fa haɗa bot na kasuwar kuɗi ya yi sauƙin da har ya fara ba ni tsoro. Mutum zai buɗe ChatGPT ko wani makamancinsa ya ce masa rubuta min dabarar ciniki da Pine Script, yaren rubuta kod na shafin TradingView, wadda za ta saya in farashi ya yi kaza ta sayar in ya yi kaza, kafin ka ce kwabo kod ya fito, ya kwafa ya liƙa a TradingView ɗin, shafin da 'yan kasuwa ke duba jadawalin farashi, sai ga wani koren layi mai nuna riba yana ta hawa sama kamar ba ranar saukowa. Daga nan wasu ke fara lissafin ribar shekara. Alhali wannan koren layin shi ne abu mafi arha a duk harkar, kuma shi ya fi kowa iya ƙarya.

Bari in fara da masu sauƙin, ba sa buƙatar dogon turanci. Algoridim dai jerin sharuɗɗa ne kawai, in kaza ya faru yi kaza. Misalin da kowa ya sani shi ne na matsakaicin farashi, in na kwana 50 ya haura saman na kwana 200 ka saya, in ya nutse ƙasa ka sayar. Indiketa kuma lissafi ne da ake cirowa daga farashin da ya riga ya wuce, kamar RSI ɗin nan da Welles Wilder ya fitar a 1978, yana yawo tsakanin 0 da 100, yawanci kyandir 14 ake ba shi (kyandir shi ne zanen da ke nuna motsin farashi na wani ƙayyadadden lokaci, kamar awa ɗaya ko yini), in ya wuce 70 a ce an yi saye da yawa in ya gaza 30 a ce an yi sayarwa da yawa. Bot shi ne manhajar da ke zaune dare da rana tana aiwatar da sharuɗɗan, masu amfani da manhajar ciniki ta MetaTrader kuwa EA suke ce masa. API kuma ƙofar da bot ɗin ke bi ne ya yi magana da dillali, kuma don Allah in za ka haɗa makullin API kada ka taɓa ba shi izinin cire kuɗi, saye da sayarwa kawai sun ishe shi. Shikenan, waɗannan a yini ɗaya mutum zai haddace.

Inda aikin yake shi ne baktes, wato ka ɗauki dabararka ka gwada ta a kan tsohon farashi ka ga da ka yi amfani da ita a wancan lokacin me za ta haifar. Abu ne mai kyau, ba wanda zai yi harkar nan ba tare da shi ba, amma kusan duk kalmomin da suka fi muhimmanci a wannan fagen sunaye ne na hanyoyin da baktes ke yaudarar mai shi, kuma su ne kalmomin da masu tallan bot ba sa son furtawa.

Babbar cikinsu ita ce obafitin. Ka gwada RSI da 14 bai yi ba, ka koma 11, ka koma 9, ka canza 70 zuwa 73, ka ce kar ya shiga ranar Talata tunda ka lura ranakun Talata asara yake yi, kana ta juyawa kana ta juyawa har layin ya miƙe tas. Abin da ka yi a nan ba gano sirrin kasuwa ba ne, ɗinka wa jiya riga ka yi daidai jikinta, gobe kuwa jikinta daban. Lissafin ma a fili yake, in mutum 1,024 kowa ya wurga tsaba sau 10, ana sa ran a samu mutum ɗaya da duk goman za su faɗo masa a fuskar da ya zaɓa, ba don ya iya ba sai don yawan masu wurgawar. Haka in ka gwada saiti dubu dole ɗaya ya fito kamar gwani. To a nan ne ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta shigo ta ƙara dagula lissafi, domin a da kafin mutum ya gwada dabara hamsin sai ya sha wahalar rubutu har ya gaji ya haƙura, gajiyar nan ma wata kariya ce, yanzu kuwa sai dai ka ce mata gyara min ta ƙara riba, ita kuma ba ta musu, za ta ƙara sharaɗi ta ƙara wani ta ƙara wani, tana yi tana yaba maka wai wannan tunani ne mai kyau. Duk "gyara min" ɗin da ka rubuta wurgi ɗaya ne na tsabar nan, kuma ba mai ƙirga maka su.

Maganin da aka sani shi ne ka raba datar gida biyu, ka gina dabarar da kashi ɗaya, ɗaya kashin ka kulle shi kada ka leƙa sai ka gama komai, sannan ka gwada sau ɗaya tak. Wasu na yin abin a jere, su gina da shekara uku su gwada a ta huɗu, su matsa gaba da shekara ɗaya su sake, shi ake kira wok-fowad. Amma fa a kula, da zarar ka gwada a kan kashin da ka kulle, bai yi maka daɗi ba, ka koma ka yi gyara ka sake gwadawa, to ya daina zama kulalle, ya shiga cikin abin da ka ɗinka rigar da shi. Wannan gaɓar ita ce ta fi wuya a zuciya, ba a kwamfuta ba.

Sai leƙen gaba, kuma wannan ni ya fi ba ni haushi don shiru yake shigowa. Shi ne kod ɗin ya yi amfani da bayanin da a zahiri bai isa ya sani ba a lokacin. Misali ya yanke shawarar saye da safe amma da farashin rufe kasuwa na yammacin ranar yake lissafi. A yaren kod na Python layi ɗaya da aka manta a ja data baya da kyandir ɗaya ya isa ya mayar da dabarar banza ta zama ta zinariya. A Pine Script kuma yana yawan shigowa ta wajen ɗauko farashin kyandir na awa huɗu ko na yini a saka shi cikin na minti biyar, kyandirin bai rufe ba amma baktes ya riga ya san yadda zai rufe. Ƙanwarsa ita ce indiketa mai sake fenti, wadda in ka duba tarihi za ka ga kibiyoyinta duk sun dira daidai gindin farashi, amma in ka zauna kana kallonta kai tsaye sai ka ga kibiyar ta fito ta ɓace ta koma wani wurin. Kod ɗin da AI ke rubutawa yakan zo da irin wannan ba da mugun nufi ba, ai yana gudu ba ya nuna kuskure ko ɗaya, ribar ce kawai ta ƙarya.

Akwai ma wani sabon leƙen gaban da ya zo da su waɗannan manhajojin na hira. In ka ce wa AI ki ɗauka yau muna 2019 ki zaɓa min hannun jarin da zai yi kyau, ai ta riga ta karanta labarin korona na 2020, ta san yadda hannun jarin kamfanin Nvidia ya tashi daga baya, ba yadda za a yi ta manta don ka ce ta manta. Duk gwajin da aka yi na ba ta tsofaffin labarai ta faɗi ko farashi zai hau ko zai sauka, in labaran sun girmi lokacin da aka horar da ita, ni ba na ɗaukarsa da muhimmanci. Haka nan gwada dabara a kan kamfanonin da ke cikin S&P 500 a yau, wato jerin manyan kamfanonin Amurka, ka koma da su shekara ashirin da biyar baya, ka ga ai waɗanda suka tsira kawai ka tara, ina Enron da ta rushe a 2001, ina Lehman Brothers ta 2008? An share su daga jerin, asararsu ma ta bi su.

Mu zo kan kuɗaɗen da ke zubewa a hanya. Sifired shi ne tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, da shigarka ka riga ka biya shi. Kwamishon an san shi. Suwaf kuɗin kwana ne in ka bar ciniki a buɗe, asalinsa bambancin kuɗin ruwa ne tsakanin kuɗaɗen biyu, shi ya sa dillalai da yawa ke da asusun da ba suwaf saboda masu gudun riba. Sai silifej, wato ka nemi farashi kaza aka cika maka a wani daban. Bot mai shiga sau talatin a yini yana neman 'yar ƙaramar riba, in ka saka masa waɗannan da gaskiya sau da yawa koren layin nan kifewa yake yi, kuma a TradingView in ba kai ka shiga saiti ka saka kwamishon da silifej da hannunka ba, a sifili suke zaune.

Wanda yake ganin silifej ƙaramin abu ne ya tuna 15 ga Janairun 2015. Tun 2011 babban bankin Siwizalan ya tsaya kai da fata cewa yuro ɗaya ba zai sauka ƙasa da faran 1.20 na kuɗin ƙasar ba, don haka duk bot ɗin da ke sayen yuro a kusa da wannan layin baktes ɗinsa na shekara uku fes yake, kusan ba asara. Ran nan da safe bankin ya janye hannunsa ba sanarwa, cikin mintuna faran ya yi tsalle da kusan kashi 30 cikin ɗari, masu sitof-los suka tarar ba mai saye a farashin da suka saka, aka cika musu can ƙasa, wasu asusunsu ya wuce sifili ya koma bashi, dillali irin Alpari na Ingila washegari ya durƙushe. Sitof-los umarni ne na a fitar da kai in farashi ya kai wuri kaza, ba alkawari ba ne cewa a wurin za a fitar da kai. Liberej kuwa, wato ciniki da kuɗin da ya ninka naka, shi ke mayar da irin wannan ranar daga ciwo zuwa jana'iza. Kamfanin zuba jari na LTCM a Amurka, a 1998 akwai masu kyautar Nobel har biyu a cikinsu, Myron Scholes da Robert Merton, lissafinsu ba na wasa ba ne, amma da Rasha ta kasa biyan bashinta a watan Agustan shekarar, liberej ya sa suka yi asarar sama da dala biliyan 4 cikin 'yan watanni.

A cikin lambobin da baktes ke nunawa, wanda masu talla suka fi so shi ne kason nasara, wai bot ɗinmu yana cin kashi 95 cikin ɗari. Wannan lambar ita kaɗai ba ta ce komai ba. In kana cin dala 1 sau 95 kana faɗuwa dala 30 sau 5, ka ci 95 ka zubar da 150. Yawancin masu irin wannan kason ma matingel ne a ciki, wato duk faɗuwa a ninka kuɗin ciniki na gaba, yana tafiya lafiya lau har ranar da zai haɗiye asusun gaba ɗaya. Ni dirodawun nake fara dubawa, wato daga ƙololuwar da asusun ya kai zuwa ramin da ya faɗa kashi nawa ne, kuma wata nawa ya yi a ramin. In ka faɗi kashi 50 sai ka ci kashi 100 kafin ka dawo inda kake, mutane na mantawa da wannan. Sai ma'aunin Sharpe da William Sharpe ya kawo a 1966, yana auna ribar da ka samu sama da ta ajiya marar haɗari, a raba da yawan tangal-tangal ɗin da aka sha kafin a same ta. In na ga dabarar da aka haɗa da yamma ɗaya tana nuna Sharpe 4 ko 5, ba murna nake yi ba, kod nake buɗewa in nemo inda ake leƙen gaban. Kuma ba mugun zato ba ne, hukumar ESMA ta Turai da kanta ta ce a 2018 tsakanin kashi 74 zuwa 89 na ƙananan asusun CFD, wato ciniki a kan hawa da saukar farashi ba tare da mallakar kayan ba, asara suke yi, shi ya sa aka tilasta wa dillalan can rubuta nasu kason a jikin talla.

Maganar letensi, wato ɗan jinkirin da oda ke yi kafin ta isa kasuwa, da cinikin ƙiftawar ido kuwa ku bar wa masu shi, akwai kamfanin da ya kashe kusan dala miliyan 300 a 2010 ya ja wayar fayiba daga Chicago zuwa New Jersey don kawai ya rage 'yan milisakan, ba da su muke tsere ba. Abin da ya shafe mu a labarin manyan shi ne na kamfanin cinikin hannun jari Knight Capital na Amurka, 1 ga Agustan 2012, an saka sabon kod a manyan kwamfutocinsu aka tsallake guda ɗaya, tsohon kod ya farka ya dinga watsa oda, cikin minti 45 sama da dala miliyan 400 sun tafi. Don haka bot ɗinka komai ƙanƙantarsa ya kasance yana da makashi, in asarar yini ta kai kaza ko yawan oda ya wuce kaza ya rufe komai ya tsaya da kansa.

Ba cewa nake a bar AI ba fa, wallahi tana rage wahala sosai, musamman wajen juya kod daga wani yare zuwa wani da bayanin abin da layi ke yi. Amma ta fi amfani in ka juya ta ta zama mai binciken ƙwaƙwaf, ka ba ta kod ɗin ka ce nuna min duk inda ake amfani da farashin da bai rufe ba, nawa ne saitin da ake iya murɗawa a nan, me zai faru in na ninka sifired sau biyu, in na canza 14 zuwa 13 ko 15 ribar na nan ko ta watse. Wanda bai san kalmomin ba ba zai iya yin waɗannan tambayoyin ba, ita kuma ba kasafai take tayar da maganar da kanta ba. Bayan nan sai asusun demo, wato na gwaji da kuɗin bogi, na wasu watanni, duk da shi ma demo yakan cika oda da tsafta fiye da asusun gaske. In watannin sun cika ka sake yin baktes a kan daidai kwanakin nan, ka jera cinikin demo da na baktes ɗaya bayan ɗaya, lokacin shiga da farashin shiga da na fita, duk inda suka saɓa ka tsaya a wurin sai ka gano dalili.