Yaron da karatu ke ba wa wuya ba malalaci ba ne

Ƙannena, ku da 'ya'yanku suka fara shiga firamare, kada ku bi hanyar da na bi da ɗana na fari. Ya kai shekara 8 yana haɗa baƙi da ƙyar, ni kuwa na yanke cewa wasa ne ya yi masa yawa. Da daddare sai in zaunar da shi, in buɗe littafi, in ce karanta. Ya ɗora yatsa a kan kalma, ya dubi hoton da ke gefe, ya saci kallon fuskata, sannan ya canka. In ya kuskure in daka masa tsawa, wani lokaci har in kira ƙanwarsa ta karanta a gabansa wai don ya ji kunya ya dage. Tsoron littafi kawai ya koya a hannuna. Da ya ga na ɗauko shi, sai ciwon ciki ya taso.

Magana yaro kan tsince ta a bakin mutane, amma karatu sai an koya masa cewa kowane harafi sauti yake wakilta. Wasu yaran a nan suke maƙalewa, ko da kuwa suna da kaifin basira. Tun a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya yi rubutu a kan wani yaro mai shekara 14, haziƙi a baki, wanda karatu ya gagara. Yau ana kiran matsalar disleksiya, kuma takan bi jini, don haka ku tuna ko a danginku akwai wanda ya sha irin wannan wahala.

Ku fara kai yaro a duba masa ido da kunne. Sannan ku koma kan sauti, har ba tare da littafi ba: wane sauti ne a farkon "rana"? In an cire "ta" daga "takalmi", me ya rage? Daga nan baƙi da wasali, gaɓa-gaɓa, har kalma ta fito. Kwamitin da ya yi nazarin koyar da karatu a Amurka ya nuna a rahotonsa na shekarar 2000 cewa koyar da sautin haruffa bi da bi yana taimakon irin waɗannan yara. In ya tsaya a kan kalma, ku ba shi lokaci ya haɗa sautukanta, kada ku bar shi ya canka daga hoto. Minti 10 zuwa 15 kullum ya fi awa biyu na kuka ranar hutu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na daina karanta wa ɗana labari, wai sai ya iya da kansa. Ku ci gaba da karanta wa yaronku da murya, domin ta kunne yake tara kalmomin da idonsa bai kai gare su ba tukuna, kuma a nan yake jin daɗin littafi.

Rikita b da d ba abin tashin hankali ba ne kafin shekara 7. Amma in yaro ya wuce nan yana fama, kada ku zauna jiran ya girma ya daina. Ku je wurin malaminsa, ku tambayi sautukan da ke ba shi wuya, ku nemi ƙwararre ya gwada shi, ku kuma roƙa masa ƙarin lokaci a jarrabawa.