Mun koma gida, mun gode

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Jiya muka kwana a ɗakinmu karo na farko tun da ruwan madatsar Alau ya yi ambaliya ya shigo mana Maiduguri, wayewar garin Talata 10 ga Satumba, 2024. Bango har yanzu yana warin laka, katifa a ƙasa take, amma dai gida ne. Ba zan maimaita labarin ba, kun san shi, wasunku ma tare muka tsaya a bakin titi da kaya a ka. Jikina ya mutu da gajiya, sai dai na kasa barci in ban rubuta wannan ba.

Akwai wadda ta roƙe ni kada in ambaci sunanta. To, ba zan faɗa ba, zan ce Mama mai ƙosai, duk mai shiga cocinmu ya gane ta. Shekara huɗu ina cikin kwamitin taimakon gwauraye da marayu, ni ke riƙe da littafi. Kowace Kirsimeti ni ke kiran sunaye: mudu biyu na shinkafa, kwalbar mai, atamfa in an samu. Sunanta ne na bakwai. Ba zan ɓoye ba, har cikin raina ina jin daɗin a ce ni ce mai miƙawa.

Kwana na uku muna kwance a ajin makarantar Lahadi, zani ɗaya gare ni, autata tana ta zazzaɓi, ko ruwan zafi na rasa inda zan dafa mata. Sai ga Mama da kwano an rufe da faifai, kunun gyaɗa ne da ƙosai mai zafi. Ta durƙusa ta kwance bakin zaninta, ta ciro 'yan ɗari bibbiyu duk sun yamutse, naira dubu uku. Na san jarinta ne, kuɗin wake da mai na gobe. Na ce, "Haba Mama, ki bari, ke ma da marayu a gabanki." Ta danƙa mini a hannu ta riƙe, ta ce, "'Yata, shekara nawa ina miƙo miki hannu kina zuba mini? Yau ki bar ni ni ma in ba Yesu wani abu." Na rasa bakin magana. Kuka kawai na yi, ita kuwa tana fifita kunun tana ba yarinya.

A wannan ajin na sha koya wa yara labarin gwauruwa mai anini biyu a Markus 12. Na karanta yadda Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 8 ikkilisiyoyin Makidoniya, duk da tsananin talaucinsu, roƙo suka yi a bar su su ma su ba da taimako. Ashe karatu kawai nake yi. Ban taɓa tunanin cewa waɗanda nake kira daga littafi su ma suna marmarin bayarwa ba, mu ne ba mu taɓa ba su dama ba.

Baba Fasto da Mama Fasto, kun buɗe mana ƙofa ba ku tambayi kowa cocinsa ba. Zumuntar Mata, tukunyarku ba ta sauka daga murhu ba. Matasanmu da suka shiga ruwa har ƙirji, da maƙwabcinmu Alhaji mai shagon hatsi wanda 'ya'yansa suka ɗauko surukata a kan ƙyauren ƙofa, shi ma fa buhunansa duk sun jiƙe: Allah ya saka. 'Yan'uwa na Biu da Mubi da Jos da kuka aiko da sutura da garin masara, ya iso, mun ci, mun sa. Dangi na jini da suka bugo waya sau ɗaya suka ce za su sake kira, har yau muna jira, amma ba komai, Allah ya ga zuciyar kowa.

Ubangiji ya tuna da ku ranar da kuke neman mai tunawa. Kada tulun garinku ya ƙare, kada kwalbar manku ta ƙafe, kamar yadda ya yi wa gwauruwar Zarefat. Ya raya muku zuriya, ya ta'azantar da waɗanda ruwan ya tafi da nasu, ya rufa wa marayun Mama asiri har su zama masu ciyar da wasu. Amin.

Sanyi ya fara shigowa, kuma akwai iyalai da ɗakunansu suka zube gaba ɗaya, suna raɓe a gidajen mutane. Mai bargo ko rigar sanyi ta yara ya kawo ranar Lahadi bayan sujada, zan tsaya a bakin ƙofa. Mama, kwanonki yana wurina, na wanke, kunyar maido shi ba komai a ciki ce ta hana ni zuwa.