Ingiricin gamba ya bushe da korensa, karsana ta ɗauka

'Yan'uwa masu koyon kiwo, albishirinku! Karsanata Bunaji da ta daɗe ba ta neman bijimi ta ɗauki ciki, likitan dabbobi ya duba ya tabbatar. Alhamdu lillahi. Babban abin da na sauya shi ne lokacin yankan ciyawa.

Gamba da kyasuwa in suna ɗanyu a farkon damina, furotin ɗinsu kan kai kashi 10 cikin 100 ko kusa da haka. Da sun fid da kai suka bushe a tsaye, sai ya faɗi zuwa kashi 2 ko 3, alhali tumbin saniya na bukatar kamar kashi 7 kafin ya narkar da abinci yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga cikinta tim a rani, amma haƙarƙari a waje, barbara kuwa shiru.

To, yanka kafin fitar kai yana nufin yanka a ƙarshen Agusta, ana tsakiyar ruwa, kuma nan na sha wuya. Damin farko na shanya a ƙasa, hadari ya taso da la'asar, ƙasan ya yi baƙi, fumfuna ta kama shi fari fat. Da na tura hannu ciki zafi na ji. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin masu yanka ya riga ya tafi, kuma ciyawa mai fumfuna ba a ba saniyar da ake so ta haihu. Abin da ya fisshe ni rumfa ce: katako a ƙasa don iska ta ratsa, shimfiɗa ba kauri, a juya da hantsi, a ja tampol da an ga gabas ta haɗe. Tampol ɗin ya ci kuɗi har na ji a jikina. Gamba ta fi gardama saboda kaurin kara, kyasuwa kuwa nan da nan take bushewa.

Da bazara na riƙa haɗa wa karsanar ingiricin da harawar wake da ɗan 'ya'yan gawo. Na lura tana tauna tsohon ƙashi a bayan garke, alamar ƙarancin fosfaras ke nan, kanwa ba ta maganinsa, sai na sayo dutsen lasa.

Yanzu harkiya ce a gabana, shanu na sonta amma ba ta da auki. Wanda ya taɓa ajiye ta har bazara, don Allah ya faɗa mini yadda ya ɗaure damin.