Asabar a shagon Baba, da kwali da alƙalami

Yau ba ni da aji, shi ya sa na cika alkawarin da na yi wa Baba na zuwa shago in duba wata takarda da ta hana shi sakat. Baba ƙanen mahaifina ne, kayan gyaran babur yake sayarwa kusa da babbar kasuwa, kuma galibin kayansa daga Kano suke tasowa, su bi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa su iso Maradi. Takardar lissafin kaya ce, Ingilishi daga sama har ƙasa. Ɗansa mai zaman shagon ya yi lakwal har ya ci BEPC, jarrabawar gama koleji, ke nan shekara 4 yana ajin Ingilishi, amma da aka miƙa masa takardar sai ya yi ta juya ta.

Ko gaisuwa ba mu gama ba Baba ya ce, "Mushe, wai ku me kuke koya musu ne? Yaron nan ya iya ce mini 'good morning', amma sunan ƙarfen da yake sayarwa ya gagare shi."

Maganar ta taɓa ni, don gaskiya ce. Na zauna kan benci na ce wa ƙanen nawa ya karanta layin farko da ƙarfi. Ya karanta "brake" da bakin Faransanci, bai ji komai ba. Na faɗa masa yadda masu harshen ke faɗi, na maimaita a hankali, sai ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ai birki ne!" Daga nan ƙofa ta buɗe. "Tyre" taya, "plug" fulogi, abin da wasunmu a nan ke kira buji, "spanner" sufana, "screwdriver" sukudireba, "silencer" salansa, "battery" batir, "gear" giya, "nut" noti. Kafin mu kai ƙasan shafi ya gane fiye da rabin kayan da kansa. Na nuna masa dabarar da ke ciki: bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu ko uku su haɗu a gaɓa ɗaya babu wasali tsakani, sai ya cusa musu wasali, kuma inda Bature ya ce "p" mu "f" muke sawa. Idan ka san haka, kana iya bin sawun kalma ka mayar da ita gidansu. Fasinja, tikiti, bokiti, tebur, kwastan, gareji, duk haka suka shigo, yawancinsu ta bakin direbobi da ƴan kasuwa da ke kai da kawowa tsakaninmu da Najeriya. Ɗan Maradi da bai taɓa shiga aji ba yana yawo da tarin sunayen Ingilishi a bakinsa, ba a dai taɓa gaya masa ba.

Wanda kuma ya yi lakwal yana da rumbu na biyu. A shekarar 1066 Wiliyam na Normandi ya ƙetara daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, daga nan fada da kotu suka daɗe suna aiki da Faransanci, dubban kalmomi suka zube cikin Ingilishi suka zauna. Shi ya sa "table", "village", "nation", "question", "machine" rubutunsu ɗaya a harsunan biyu, furuci ne kawai ya raba su. Shi ya sa ma saniya tana raye ake ce mata "cow", namanta kuma "beef", tunkiya "sheep", namanta "mutton", don sunayen naman daga Faransanci suka zo. Sai dai na ja wa yaron kunne game da masu kama da juna da ke yaudara. "Library" ɗakin karatu ne inda ake aron littafi, ba kantin sayar da littattafai ba kamar "librairie". "Magazine" mujalla ce, ba ta da alaƙa da magazan ɗin da Baba ke ajiye kwalayensa. "Coin" kuɗin ƙarfe ne, ba lungu ba.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne sunaye masu goyon juna, don su ne suka cika takardar: "brake cable", "oil filter", "chain cover", "fuel tank". Mu a Hausa abin da ake magana a kansa shi ke zuwa farko, wayar birki, tankin mai, kuma Faransanci ma haka yake yi. Ingilishi yana ajiye shi a ƙarshe. Na ce masa duk inda ya ga sunaye biyu a jere, ya fara kama na baya, shi ne kayan da za a ɗauko daga kanta, na gaba bayani ne kawai. Wannan ƙa'ida ɗaya ta warware masa layuka da yawa, har da wanda Baba ke zargin an cuce shi a kai, ashe murfin sarƙa aka aiko masa, shi kuma yana neman sarƙa a cikin kwali. Sai kanun takardar, "quantity", "unit price", "amount", da ɗan "pcs" ɗin nan da ke nufin guda nawa.

Daga nan na sa aka yayyanka wani tsohon kwali, na karɓi alƙalamin da suke rubuta farashi da shi, muka shiga liƙa suna a jikin kowace kanta. Sharaɗina ɗaya ne: ba a rubuta suna shi kaɗai. Kowane kwali yana ɗauke da tilo tare da "a" ko "an", da jam'i, da aiki ɗaya da ake yi wa abin. "A tyre, two tyres, change the tyre." "A nut, ten nuts, tighten the nut." "An engine", saboda wasali ne a gaba. Da muka iso kan galan-galan na bakin ƙofa sai ya rubuta "an oil", na tsayar da shi, don akwai sunayen da Ingilishi ba ya ƙirgawa kai tsaye: "oil", "petrol", "grease", "money", "rice". Sai an kawo ma'auni, "a litre of oil", "a bag of rice". Waɗannan ba su da wuyar shiga, tunda mu ma ba mu ce gero biyu, tiya biyu muke cewa. Masu wuyar su ne irin su "information" da "advice" da "furniture", waɗanda Faransanci ke yi wa jam'i, ɗalibanmu su ɗauko al'adar su kawo ta inda ba a yin ta.

Wani mai kabu-kabu da ya zo sayen fulogi ya tsaya yana karanta kwalayen da yatsa, har ya manta canjinsa. Baba bai ce komai ba, amma ya aika aka sayo mini fura da nono mai sanyi, kuma wanda ya san Baba ya san abin da hakan ke nufi.

A hanyar gida ina ta tunanin Charles Ogden, Baturen Ingila da a 1930 ya tace Ingilishi ya fitar da kalmomi 850 da ya ce sun isa mutum ya biya bukatarsa. Daga cikinsu 600 sunayen abubuwa ne, 200 ma irin waɗanda ake iya zanawa a nuna, aikatau kuwa 18 kacal ya bari. Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, don maganar da aka takure haka tana fita a ƙage. Amma ya gano wani abu da nake gani kullum a aji: mai suna a baki ko nahawunsa ya karye ana fahimtarsa, wanda ya haddace jadawalin aikatau kuwa ba tare da sunaye ba sai ya tsaya yana nuni da hannu. Inda na rabu da jerin da ake bugawa a ba kowa shi ne, sunayen da mai shagon babur ke bukata ba su ne na ungozoma ba, ba su ne na mai kai wake da albasa Kano ba. Kowa nasa 600 ɗin daban ne.

Bayan la'asar ɗiyar yayata ta zo da kayenta. Bana za ta yi BEPC. Ta cika shafi uku da kalmomi, Ingilishi a hagu, Faransanci a dama, tana rera su kamar mai tilawa. Ta ce, "Kawu, jiya na iya su duka, yau sun gudu." Na ce mata ba ita kaɗai ba ce. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da kwanakin farko, daga baya ta lafa, kuma bitar da aka rarraba ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Wani Bajamushen, Sebastian Leitner, ya mayar da wannan tsarin akwatuna a 1972. Mu gwangwanayen madara uku muka samu. Kowace kalma da ƴar takardarta, suna a fuska ɗaya, zane ko Hausa a bayanta. Gwangwani na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku sau ɗaya a mako. Wadda ta tuna sai ta ci gaba, wadda ta ɓace ta koma na farko. Na nace a kan Hausa a bayan takarda, don ban ga dalilin da yarinya za ta bi ta harshe na biyu kafin ta isa na uku ba, alhali abin yana gabanta.

Muka shiga madafa wurin uwarta. "Mortar" turmi, "pestle" taɓarya, "calabash" ƙwarya, "ladle" ludayi, "millet" gero, "beans" wake, gyaɗa kuma "groundnut" a bakin ƴan Najeriya, "peanut" a bakin ƴan Amurka. Ta yi ƙorafi a kan "child" da "children", "foot" da "feet", "knife" da "knives". Na ce ta faɗa mini jam'in gida, da hanya, da doki, da mace. Ta ce gidaje, hanyoyi, dawaki, mata, kowanne da tafiyarsa, kuma ba ta taɓa kuskurensu ba. Wanda ya ɗauki wannan nauyi tun yana goye, ƴan tsirarun da suka kauce wa "s" ba za su kayar da shi ba. Ta kuma yi murna da jin cewa tebur da kujera ba su da jinsi a Ingilishi, babu "le" babu "la", duka "it" ne.

Da dare a fada, ana dafa shayi, na ba da labarin kwalayen. Wani abokina ya ce wahala na ba kaina, tunda salula tana fassara takarda da ɗaukar hoto kawai. Ban musa ba, ni ma ina amfani da ita. Amma na tambaye shi, idan mai kaya ya kira daga Kano yana lissafo sunaye a kunne, kuɗi na tafiya, hoton me za a ɗauka? Wani kuma ya kawo zancen kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka kafa a watan Maris 2025, wanda ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ga layin dogo daga Kano zuwa nan da aka aza harsashinsa a 2021. Gardama ta yi tsawo a kan ko malaman da muke da su za su isa, har shayi na uku ya huce.

Ranar Litinin zan ce wa ƴan ajina kowa ya zo da sunayen abubuwa goma daga sana'ar gidansu, da Hausa, mu nemo Ingilishinsu tare. Akwai ɗan mahauci, akwai ɗiyar tela, akwai yara biyu da iyayensu ke noman rani a bakin Gulbi. Na tela ne zai fi ba ni aiki, sai na zauna gobe da ƙamus na shirya sassan keken ɗinki kafin ta tambaye ni.