Asibitin Attlee da makullin gidan Thatcher

Abin da ya faru a Birtaniya a watan Yulin 1945 har yanzu yana ba ni mamaki. Mutumin da ya ja ragamar ƙasar har aka ga bayan Hitler, wato Churchill, an shiga zaɓe kawai sai talakawa suka juya masa baya suka ɗauko Clement Attlee na jam'iyyar Leba, wani mutum shiru-shiru da ko iya dogon jawabi bai yi ba, suka ba jam'iyyarsa kujeru 393. Ba wai sun ƙi Churchill ba ne fa, a'a, sun tuna baƙar wahalar shekarun 1930 ne, ba aiki, ba kuɗin likita, kuma tun 1942 sun ga rahoton William Beveridge wanda ya lissafo dodanni biyar da ya ce dole a yaƙa: talauci, cuta, jahilci, ƙazantar muhalli da zaman banza. Takardar gwamnati ce amma mutane har layi suka yi suna saye.

Ni a nawa ganin duk rigimar akidar da aka yi ta yi a Birtaniya tun daga lokacin, tsakanin masana tattalin arziki irin su Keynes mai cewa gwamnati ta sa hannu a harkar tattalin arziki da su Hayek mai cewa a bar kasuwa ta yi halinta, ba a cikin littafi aka ci nasara ba. Wanda ya danƙa wa talaka wani abu a hannu shi ya ci.

Ku duba Aneurin Bevan, ministan lafiya, ɗan mai haƙar kwal daga Tredegar a yankin Wales, shi kansa yana ɗan shekara 13 ya shiga ramin kwal. A garinsu ma'aikata na da wata ƙungiya da kowa ke zuba ɗan wani abu daga albashi, in ciwo ya zo a duba ka, to wannan ya ɗauka ya shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya, ranar 5 ga Yulin 1948 aka buɗe NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, ka je asibiti a duba ka ba ko kwabo. Ƙungiyar likitoci ta tada ƙayar baya sosai, sai da ya bar manyansu su ci gaba da ganin marasa lafiyarsu na kuɗi a gefe kafin suka sakko, shi da kansa daga baya ya ce da zinariya ya cika musu baki. Wayon da ya yi shi ne bai ce asibitin na miskinai ne kaɗai ba, mai kuɗi da lebura duk ƙofa ɗaya.

Ga shi kuma ƙasar ba ta da kuɗi a lokacin. Sai da Keynes ya je Amurka ya karɓo bashin dala biliyan 3.75, bashin da sai a 2006 aka gama biya, burodi ma da kati ake saye daga 1946. A haka gwamnati ta karɓe babban banki, kwal, jiragen ƙasa, lantarki, gas, daga baya har ƙarfe. Mu ma da namu gumin a ciki fa, don gyaɗar da ake tarawa dala-dala a Kano hukumar saye ce ke yanka mata farashi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma a Landan ake ajiye ta.

Da 'yan ra'ayin riƙau, wato jam'iyyar su Churchill, suka dawo a 1951 ba su rusa tsarin ba, ƙarfe da motocin dakon kaya dai suka mayar wa 'yan kasuwa. Harold Macmillan, ministansu na gidaje, ma gasar gina gidaje ya shiga, ya yi alkawarin 300,000 a shekara kuma ya cika a 1953. Haka aka tafi, jam'iyyu biyu suna zagin juna amma tukunya ɗaya suke dafawa.

Sai shekarun 1970 suka zo komai ya dagule. Mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, farkon 1974 masana'antu kwana uku kawai ake ba su wuta a mako saboda rikicin masu haƙar kwal, a 1975 hauhawar farashi ta kai wajen kashi 25 cikin ɗari, a 1976 gwamnatin Leba ta kai ƙoƙon bararta IMF, sannan ga yajin aikin hunturun 1978 zuwa 1979 da shara ta taru a tsakiyar Landan, masu haƙar kabari a Liverpool ma suka ajiye aiki. To wa zai saurari wa'azin gurguzu a wannan halin?

Margaret Thatcher ta 'yan ra'ayin riƙau ta hau a Mayun 1979 da nata karatun: gwamnati ta cire hannu, a matse kuɗi, a karya ƙungiyoyin ƙwadago. An ji jiki wallahi, marasa aiki sun haura miliyan uku a 1982, yajin aikin masu kwal na 1984 zuwa 1985 ƙarƙashin shugaban ƙungiyarsu Arthur Scargill ya ƙare da shan kayensu, garuruwa da yawa a arewacin Ingila da Wales ba su sake farfaɗowa ba. Amma matar nan ta gane sirrin Bevan, ita ma ta sa abu a hannun mutane. Dokar gidaje ta 1980 ta ba mai haya a gidan ƙaramar hukuma damar saye da rangwamen da ya fara daga kashi 33 ya kai 50, sama da gidaje miliyan ɗaya aka sayar kafin ta sauka a 1990. Ka yi tunanin direban bas da kakanninsa ba su taɓa mallakar ko ɗaki ba, yau ga makulli nasa na kansa, ai ka san inda ƙuri'arsa za ta. Haka ta yi da hannun jarin British Telecom a 1984 da British Gas a 1986, aka yi ta talla a talabijin kowa ya zo ya saya. Inda nake ganin laifinta shi ne an ɗaure wa ƙananan hukumomi hannu wajen gina wasu gidajen da kuɗin, jikokin waɗanda suka saya su ne yanzu haya ke cinye wa albashi.

Ta sayar da waya, gas, ruwa, amma NHS ba ta sayar ba, a 1982 ma sai da ta fito ta ce asibitin na cikin aminci a hannunsu. Ina za ta fara, tunda masu zaɓenta ma can suke haihuwa.

Tony Blair na jam'iyyar Leba da ya zo a 1997 bai ƙwato kamfanonin ba, tun 1995 ya goge sashen kundin jam'iyya da ke maganar mallakar al'umma, sai dai ya kawo mafi ƙarancin albashi a 1999 ya kuma zuba kuɗi a asibitoci. Jiragen ƙasa kuwa da gwamnatin John Major, magajin Thatcher, ta sayar a shekarun 1990, fasinja bai ga an sa masa komai a hannu ba sai tsadar tikiti da jinkiri, su ne gwamnatin Leba ta yi doka a 2024 ta fara dawo da su hannun hukuma ɗaya bayan ɗaya.