Ƙaryar da aka yi wa 'yan asalin ƙasa domin a raba su da ƙasarsu

Yawancin abin da ake faɗa game da al'ummomin da 'yan mulkin mallaka suka tarar a Amurka da Kanada da Ostireliya, daga bakin waɗanda suka ci su da yaƙi ya fito. Shi ya sa ba na ɗaukar waɗannan maganganu a matsayin rashin sani kawai, domin kowace ɗaya akwai aikin da ta yi wa wanda ya ƙirƙire ta, kuma aikin kusan kullum shi ne halatta ƙwacen ƙasa.

Babbar cikinsu ita ce cewa ƙasar kango ce, ba ta da mai ita. Da Turawan Ingila suka sauka a Ostireliya a 1788, haka suka ɗauki nahiyar baki ɗaya, alhali mutane sun shafe aƙalla shekara 50,000 a cikinta, suna magana da harsuna fiye da 250. Hujjar baƙin ita ce ba su ga gona ba, ba su ga shinge ba. Amma a Budj Bim, cikin jihar Victoria ta yau, mutanen Gunditjmara sun haƙa magudanan ruwa, sun jera duwatsu sun yi madatsu, suna tare wani kifi mai siffar maciji suna kiwonsa, tun fiye da shekara 6,000 da suka wuce, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya. Duk da haka dokar ƙasar ta tsaya a kan wannan ƙarya har zuwa 1992, lokacin da babbar kotu ta rushe ta a shari'ar da Eddie Mabo, ɗan tsibirin Mer, ya shekara goma yana bi. Allah bai nufe shi da jin hukuncin ba, ya rasu 'yan watanni kafin a yanke shi.

A nahiyar Amurka ma an ce mutanen daji ne marasa wayewa, alhali Sifaniyawan da suka shiga Tenochtitlan, babban birnin mutanen Aztek a ƙasar Meksiko ta yau, a 1519 sun tarar da birni a tsakiyar tafki, da hanyoyi a kan ruwa da kasuwanni da lambuna, wanda ya fi yawancin biranen Turai na wancan zamani yawan jama'a. Daular Inka tana ƙidayar mutane da haraji ta hanyar ƙulle-ƙulle a jikin igiya, mutanen Maya kuwa suna da rubutunsu kuma sun san sifili a lissafi. Masara da dankali da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono, duk manoman waɗannan al'ummomi ne suka fara nomansu kafin su bazu cikin duniya.

Sai kuma cewa sun ƙare. Gaskiya ne agana da ƙyanda da yaƙi da aikin tilas sun hallaka miliyoyi, amma ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna akwai 'yan asalin ƙasa kimanin miliyan 476 a ƙasashe 90, mafi yawansu ma a Asiya suke. Akwai Sami a arewacin Turai, akwai Ainu a Japan, akwai San a kudancin Afirka. A Amurka kaɗai gwamnati ta amince da ƙabilu fiye da 570, kowace da hukumarta, kuma yawancin mutanensu a birane suke zaune. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tarkon da ke cikin wannan zance: wanda ya zauna a ƙauyen kakanninsa a ce masa ɗan ci baya, wanda ya yi jami'a ya riƙe muƙami kamar Deb Haaland, wadda ta zama sakatariyar harkokin cikin gida ta Amurka a 2021, a ce ai shi ba na ainihi ba ne. Ko ta ina mutum ya ɓullo, an hana shi bakin da zai nemi haƙƙinsa.

Masu cewa gwamnati ce ke ciyar da su a banza kuwa, sun manta cewa a Amurka da Kanada da yawa daga cikin abin da ake ba su sharuɗɗa ne na yarjejeniyoyin da aka karɓi ƙasarsu a kansu, kuma sau da yawa ba a cika ba. 'Yan asalin ƙasa su ne kimanin kashi 6 cikin ɗari na mutanen duniya, amma kusan kashi 19 cikin ɗari na masu tsananin talauci. Idan aka ce musu abin da ya wuce ya wuce, sai a tuna cewa a Kanada an raba yara kimanin 150,000 da iyayensu aka kai su makarantun kwana, aka aske musu gashi, aka sauya musu suna, ana dukansu in sun yi magana da harshen uwa. Ba a rufe ta ƙarshe ba sai cikin shekarun 1990, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a ciki suna nan da ransu.

Ƙwacen ƙasar ma bai tsaya ba, hujja ce kawai ta sauya. A Kenya an kori mutanen Ogiek daga dajin Mau da sunan kare muhalli. A 2017 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta yanke cewa dajin ƙasar kakanninsu ce, kuma ba a nuna su ne suka lalata shi ba. A 2022 ta umarci a biya su diyya, amma a ƙarshen 2023 jami'an gwamnati suka sake rushe musu gidaje a cikin dajin.